Idon Sanin Kaya

A da can, ba makaranta ake zuwa ba don a koyi rarrabe kaya mai daraja da na banza. A gida ake tashi da abin. Yarinya za ta bi kakarta kasuwa, ta ga ta ɗauki tukunya ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa tana kasa kunne. In ta ji amo garau, ta san tukunya ta sha wuta yadda ya kamata. In ta ji ƙarar ta dushe, sai ta dire ta ta yi gaba, komai rantsuwar mai tukwane. Yaro kuma zai ga mahaifinsa ya kife riga yana duba bayan aiki kafin ya buɗe baki ya taya. Ba wanda ya taɓa kiran wannan darasi, amma kuwa shi ya riƙe masaƙa da marina da majema da dukawa shekaru aru-aru, domin gwani ba ya daɗewa a garin da babu mai gane gwaninta.

Yanzu nauyin ya faɗo kan malamin zane, mutumin da jadawalin makaranta ya tsakura wa ɗan lokaci a mako, galibi bayan rana ta take, yara sun ƙosa su tafi gida. Cikin abubuwan da ake so ya koyar har da auna darajar aikin fasaha da ta kayan da injin kamfani ya fitar. Na daɗe a wannan aiki, kuma in na waiwaya ina ganin hanyar da aka bi har aka iso nan, da inda darasin ya karkace, da abin da ya rage a hannunmu.

Da farko dai, kayan kamfani ba jiya suka zo mana ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar da birni mai tinƙaho da saƙa da rini, wanda tufafinsa ke kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Amma a kasuwar birnin ya ga yadi daga Mancesta ta Ingila, da ruwan takobi daga Solingen ta Jamus, da allurai da madubai, da duwatsun wuya daga Italiya, da takarda mai tambarin wata uku. Ke nan allurar da gwani ke sokawa a jikin saƙi yana fitar da aska takwas, raƙumi ne ya ƙetaro Sahara da ita. Takardar da mahaddaci ke rubuta Alƙur'ani a kai, daga Turai ta zo. Takobin Bajamushe kuwa sai baduku ya yi masa kube da hamila kafin ya isa a rataya shi ranar hawa. Mutanen wancan lokaci sun san na gida, sun san na baƙo, sun kuma san inda kowanne ya fi dacewa. Ba su ɗauki abin a matsayin faɗa ba.

Abin da ya sauya lissafin shi ne yawa da araha. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantuna suka cika da akoko da alawayyo. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, wanda a hankali ya rage wa baba da karofi kasuwa. Wanda ke son ganin tarihin nan a jere, ya tambayi tsofaffin mata yadda ɗakin amarya ya riƙa sauya kama. Da, jeren ƙorai ne masu zane, da fayafai, da akussa. Sai tasoshi suka shigo, ana goge su da toka har mutum ya ga fuskarsa. Daga nan langa da kumbo da fanteka da samira suka mamaye bango tun daga ƙasa har rufi, masu furanni ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Bayansu tangaran ya shiga kabad, sannan kuloli da silba da roba suka kori kowa. A kowane zango, uwar amarya ba ta ga ta yi asarar komai ba. Ita dai ta fitar da 'yarta kunya da abin da ake yayi. Amma kowane sauyi yana ɗauke abinci daga bakin wani mai sana'a a unguwa, ya kai shi wani gari mai nisa. Kuma ƙwarya in ta fashe akwai mai ɗinke ta. Langa in ta ɓantare sai tsatsa, roba in ta tsage sai bola.

Makarantar boko ta shigo tsakiyar wannan sauyi da fuska biyu. A makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, an koyar da sana'o'in hannu irin su dukanci da ƙira da sassaƙa, kuma masu sana'ar ne da kansu ke koyarwa. A Legas kuwa Aina Onabolu ya yi ta faman a sa zane irin na Turai a makarantu, har aka kawo malamin zane Kenneth Murray a 1927. Daga baya, a 1955, aka dawo da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin da ke Zariya, wadda ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can ne, a 1958, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya, suka ce ba za su zauna suna kwaikwayon Landan kawai ba, sai an haɗa dabarar da aka koya a aji da abin da aka gada a gida.

Duk da wannan yunƙuri, abin da ya gangaro zuwa littattafan da muka yi karatu da su, muka kuma koyar da su, wani tsani ne mai hawa uku. A sama akwai zanen da ake ratayawa a bango da mutum-mutumi, su ne fasaha tsantsa, waɗanda ba a yi su don wani amfani ba sai kallo da tunani. A tsakiya akwai sana'ar hannu: tukwane, saƙa, jima, rini. A ƙasa can sai kayan kamfani, waɗanda ba a ma ɗauke su abin tattaunawa ba. Yaro ya haddace wannan, ya amayar da shi ranar jarrabawa, ya ci. Amma in ya koma gida, rigar da kakansa ke ji da ita tana hawa na biyu, rediyon da gidan duka ke alfahari da shi yana hawa na uku, hawa na farko kuwa babu ko ɗaya a gidan, watakila ma babu a duk unguwar. To me aka koya masa, in ba cewa abu mai daraja yana wani wuri da ba nasu ba?

Darasin aikin hannu na firamare ma haka ya lalace a hankali. Da, yaro zai zauna ƙarƙashin bishiya da kaba ya tufka igiya, ko ya saƙa mafici, ko ya gina ɗan kasko da yumɓu, malam ya duba ya ba shi maki gwargwadon ƙoƙarinsa. Sannu a hankali aka koma cewa kowa ya kawo tsintsiya ƙarshen zango. Sai uwa ta aika kasuwa a sayo. Daga baya a wasu makarantun aka ce a bar wahala, a kawo kuɗin tsintsiyar kawai. Yaron da ya tashi a haka ya koyi darasi ɗaya sarai: abin da hannu ya yi da abin da kuɗi ya saya duk ɗaya ne a wurin manya. Da aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an yi fatan fasaha da ƙere-ƙere za su samu gindin zama a ƙananan sakandare, amma a makarantu da dama injinan da aka kawo sun tsufa cikin akwatunansu don babu wuta, babu mai koyarwa. Yau an cusa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo cikin darasi guda, malami ɗaya na fama da su, sau da yawa babu ko kwalin fenti.

Abin da ya fi taimaka mini wajen rushe tsanin nan a idon ɗalibai yana cikin aljihunsu, a bayan takardar naira 20. Matar da ke sunkuye kan tukunya a wurin ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi daga garin Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Ba ta amfani da abin juyi; ita ce ke zagaya tukunyar, tana ɗora yumɓu zobe bisa zobe, tana lailaya shi da tafin hannu har randa ta tashi daidai wa daida. Sannan ta tsaga mata zane: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, kifi, kowanne a cikin gidansa. Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, yana da tukwanenta a fada, kuma a can Baturen nan maginin tukwane Michael Cardew ya fara ganin aikinta. Da ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko.

A cibiyar ta ci gaba da gina randunanta da hannu kamar yadda ta saba, sai dai yumɓun ya sauya, an shafa musu ruwan ƙyalli, an gasa su a murhu mai zafin da ya haura digiri 1,200, maimakon wutar ciyawa da itace ta ƙauye. Suka fito da kyan da ya kai su baje koli a Landan tun daga 1958. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta taɓa zama a aji ba, ta kuma rasu a 1984. Amma ga inda zancen yake: randar ƙauye tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsatstsafo, iska na busar da danshin tana tafiya da zafi. Randar da aka yi wa ƙyalli ta toshe, ba ta tsatstsafo, ga ta da nauyin da ba mai ɗauka zuwa rafi. Hannu ɗaya ne ya gina su, siffa ɗaya, zane ɗaya. Ɗaya tana ba ka ruwan sanyi a watan bazara, ba ta da kuɗi a kasuwa. Ɗayar tana cikin gilashi a gidan tarihi, ba ta iya aikin randa. In na tambayi aji wacce ta fi daraja, sai gardama ta kaure, kuma gardamar nan ita nake nema. Kafin a tashi, wani yaro zai gano da kansa cewa ba a amsa tambayar sai an fara cewa: daraja wajen me, kuma a wurin wa?

Darasi na biyu da hula nake yin sa. Nakan kawo biyu masu kama da juna, ɗaya aikin hannu, ɗaya ta inji, in ajiye a tebur ba tare da na faɗi kuɗinsu ba. Kusan kullum yara ta injin suke zaɓa, don ta fi sheƙi, layinta ya fi miƙewa, ba inda zare ya kauce. Wata rana na roƙi wani dattijo mai wankin hula a bakin kasuwarmu ya zo ya duba mana su. Ko kallon fuskarsu bai yi ba. Ya kife ta farko, ya ɗaga ta saitin taga, haske ya ratso ta ƙananan hudojin da allura ta zagaye ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙa wa yaron da ke gaba.

"Ɗana, shafa nan. Ka ji tauri? Kowane ido da ka gani, sai da aka huda shi aka ɗaure bakinsa. Wannan ko sau nawa ta sha sabulu da sitaci, tana nan."

Ya kife ta biyun, ya sa farce ya ja wani zare da ke kwance a bayanta, sai ga fure guda ya fara tattarewa.

"Wannan kuwa zare ɗaya ne ke gudu. In ya tsinke a nan, sai ya bi layi."

Wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu. "To Baba, ai ke nan ta injin ba ta da amfani?"

Ya yi dariya. "A'a, 'yata. Mai yara biyar ranar sallah, wacce kike so ya saya musu? Kan yaro kullum girma yake. Kowacce da ranarta. Abin da ba na so shi ne a sayar maka da wannan a kuɗin waccan."

A cikin wannan 'yar magana dattijon ya gama manhajar zango guda. Daga nan muka bi sawun hular hannu: mai zane ya fitar da fure a kan farin yadi, a kai wa mata a cikin gida su yi makonni suna bi da allura tsakanin girki da raino, a ɗinka samanta daban, kewayenta daban, a haɗa, a wanke, a ɗora a ice ta bushe. Garin Bama na Borno ya yi suna da wannan aiki, kuma da rikici ya tarwatsa mutanensa, ɗinkin hula na cikin abin da matan da suka yi gudun hijira zuwa Maiduguri suka riƙe kansu da shi. Da yara suka raba kuɗin hular da kwanakin da aka yi ana ɗinkinta, suka cire na zare da na dillali, ajin ya yi tsit. Hular da suke cewa ta yi tsada, ashe mai ɗinkin ce ke sayar da ganinta da arha.

Kuɗi dai ma'auni ne, amma shi ya fi kowane ma'auni ruɗi. A watan Fabrairun 2018 aka yi gwanjon wani zane na Ben Enwonwu mai suna Tutu a Landan, aka saye shi fam miliyan 1.2. Zanen wata gimbiyar Ife ne da ya yi a 1974, ya ɓace shekaru da yawa kafin a gano shi a wani gida a Landan. Hotonsa kuwa an daɗe ana bugawa ana ratayawa a gidajen Najeriya, kowa na iya mallaka da kuɗi kaɗan. Yara kan tambaya: in hoton da na asalin duk fuska ɗaya ce, me aka saya da wannan uban kuɗi? Amsar tana da rassa. An sayi abin da hannun mai zanen ya taɓa, wanda babu na biyunsa. An sayi sunansa da tarihinsa. An kuma sayi abin da masu kuɗi ke fatan zai ƙara tsada gobe, kuma wannan reshe na ƙarshe ba ruwansa da kyau ko muni. Ɗalibin da ya iya warware waɗannan rassa ba zai ƙara ɗauka cewa duk abin da ya fi tsada ya fi kyau ba, ba kuma zai ce masu sayen zane mahaukata ne ba.

Kayan kamfani ma ba a taru aka zama ɗaya ba, kuma mata sun riga malamai sanin haka. Atamfar Holan da ake sa wa a lefe, kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond, kamfanin da ya faro tun 1846. Asalinta kwaikwayo ne da inji na rinin kakin zuma da mutanen tsibirin Jawa na Indunusiya ke yi da hannu. 'Yan tsage-tsage da ɗige-ɗigen da kakin ke bari a jikin zane, waɗanda da farko aibi ne na inji, su ne masu saye a Afirka ta Yamma suka so, har ya zama da gangan ake barin su. Duk macen da ta san zane za ta juya shi ta ga ko ciki da waje sun yi daidai, ta duba rubutun bakinsa, ta murza shi a hannu, ta san wanda zai zuba a wankin farko. Wannan shi ne dai idon kakar nan mai ƙwanƙwasa tukunya, ya koma Kantin Kwari.

Akwai kuma abin da ɗaliban yanzu ba su gani ba: lokacin da kayan kamfani namu ne. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, ƙarƙashin gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna, wasu masaƙun suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau. Audugar manomanmu ce ke shiga, dubban ma'aikata na fita in an busa tashi, kuma kafin inji ya buga fure sai wani mai zane ya zauna ya fitar da shi da hannu. Rashin wuta, da tsadar baƙin mai, da fasa-ƙwauri, da yadi mai araha daga Sin suka taru suka durƙusar da su. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Yau sai a ɗauki hoton fure a waya a tura ƙetare, bayan 'yan makonni ya dawo dila-dila da tambarin ƙarya. Saboda haka in ana zancen darajar kayan kamfani, dole a tambaya: kamfanin ina, audugar wa, albashin wa, zanen wa? Masaƙin gargajiya da ma'aikacin masaƙar zamani, waɗanda littafi ya nuna kamar abokan gaba, guguwa ɗaya ce ta kwashe su.

Wurare da yawa ma hannu da inji sun riga sun ƙulla zumunci. Shaddar Getzner da ke zuwa fara fat daga Ostiriya, sau da yawa sai marina a Bamako ko Kano sun tsoma ta, mabuga sun buge ta, mai aikin wuya ya zauna a kanta, sannan ta zama abin shiga taro. Alƙur'anin da ake kira bugun Sharif Bala, rubutun hannun gwanin marubucin nan ne na Kano aka ɗauka aka buga da inji, har almajirin da ba zai taɓa iya sayen rubutun hannu ba ya samu irin rubutun da ya saba gani a allo. El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar a Jami'ar Nsukka tun daga 1975, murafun kwalabe da aka zubar yake tarawa, mataimakansa su daddaƙe su, su ɗinke da wayar tagulla, su zama wani ƙaton mayafi mai ƙyalli da manyan gidajen tarihi na duniya ke rububi. A 2015 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Benis a Italiya. A wane hawa na tsanin nan za a ajiye waɗannan?

Akwai rami guda da malamin zane ke saurin faɗawa, wato ya mai da darasin makoki, yana yabon da, yana tsine wa roba. Wannan zalunci ne ga yaran da ke gabansa. Yarinyar da ke ɗebo ruwa kafin ta zo makaranta ta san jarka ta fi tulu sauƙi a ka, kuma in ta faɗi ba ta fashewa a doke ta. Kwanon silba ya fi akushi sauƙin wanki. Injin ɗinki ya tufatar da talakan da a da ba shi da riga sai ɗaya. An ce araha ba ta ado, gaskiya ne, amma ta rufa wa mutane da yawa asiri. Haka kuma ba kowane aikin hannu ne abin yabo ba. Akwai jakar fata mai warin jima da ake yi a gurguje don 'yan yawon buɗe ido, akwai rinin da ke zuba a jikin mutum tun ranar farko. In muka ce wa yaro ya girmama abu don kawai hannu ne ya yi shi, mun sake rufe masa ido ta wata hanyar, mun kuma ba maƙetacin mai sana'a lasisin ha'inci.

Abin da na ga yana aiki shi ne a sa kaya a hannun yaro, a bar shi ya juya, ya shinshina, ya ja, ya tambaya. Wa ya yi shi, kuma me ya sani wanda ni ban sani ba? Kwana nawa ya ci, kuma shekara nawa zai yi? In ya lalace, akwai mai gyara a garin nan? Kuɗin da na biya, aljihun wa ya shiga? In wannan ya ɓace, akwai irinsa dubu a kanti, ko shi ke nan? Sannan a sa shi ya gwada yi da kansa, ko da sau ɗaya. Yaron da ya yi awa guda yana fama da allura bai cika ido goma masu kyau ba, ba ya ƙara yi wa mai hula tayin wulaƙanci. Wannan ba ya bukatar ɗakin gwaji ko kayan waje. Kowane gari yana da magina ko maƙera ko masu ɗinki, kuma mafi yawansu in aka je aka gaishe su da ladabi aka roƙe su, za su zo aji, su kuma ji daɗin an san da su.

Cikin yara sittin ko saba'in da ke cunkushe a aji, da wuya a samu biyu da za su ci abinci da zane. Sauran fa? Su ne gobe za su haɗa lefe, su yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, su zaɓi hular sallah. A cikinsu akwai wanda zai zauna a ofis ya sa hannu a kwangilar kujerun makaranta ko kyautar da za a ba baƙon gwamnati, ya yanke ko a kira masu sana'ar gari ko a yi odar kwantena. Malamin zane ba shi da ikon ta da karofin da ya mutu, ba shi da ikon kunna injinan Kakuri. Ikonsa bai wuce ya yaye mai saye wanda ba a yi masa rufa-ido ba: wanda in ya ɗauki na roba ya san dalilinsa, in ya ɗauki na hannu ya biya haƙƙinsa ba tare da ƙorafi ba. Ko marina da masu ɗinki da magina za su kai wani ƙarni, ya danganta da yawan irin waɗannan masu saye da ajujuwanmu za su fitar.